Hannun Aro

Shekara arba'in da shida ina sassaƙar marmara
a Pietrasanta, bayan tashar jirgin ƙasa,
a rumfar da in ruwa ya sauko sai mun tara bokiti uku.
Sunana Ermete. Kada ka wahala nemansa a jikin dutse,
ba ya nan.

Da bazara suke zuwa, masu suna,
daga Oslo, daga Osaka, daga Montevideo,
kowa da ɗan samfurinsa naɗe a tsumma,
bai fi dunƙulen hannu ba.
Su dire a tebur su ce: Ermete, mita huɗu.
Su tafi shan kofi.
Ni da ma'auni da kurfi da guduma
mu kwana mu tashi wata tara,
ina rainon cikin da ba nawa ba.

Gunvor ce ta fi daɗewa da ni.
Doguwa, taba a baki, magana sai an ciro da ƙugiya.
Ba ta yin mutum, ba ta yin doki,
sai abu mai kama da ƙwai, mai kama da kafaɗa,
mai kama da abin da sunansa ya tsaya maka a harshe.
Sau ɗaya na tambaye ta: wai mene ne wannan?
Ta ce: da na sani, me zai kawo ni wurinka?

Shekarar da aka haifi 'yata Fiorella
muka sauko da dutse daga Altissimo,
fari fat, tan goma sha ɗaya.
Wata huɗu da fara aiki na ƙwanƙwasa shi,
na ji muryarsa ta dushe
irin ta tukunyar da ta tsage ta yi shiru da bakinta.
Jijiya ce a ciki, ruwan toka,
kwance daidai inda ta zana rami.
Tana Stockholm, rumfa ba waya.
Kwana biyu ina zagaya shi,
sannan na karkatar da ramin taƙi ɗaya hagu,
na bi jijiyar yadda ruwa ke bin kwari.

Da ta dawo ta tsaya ƙyam
har taba ta ci ta iso yatsa.
Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba.
Ta ce: goge gefen nan.

Yau yana tsaye gaban wani banki a Malmö.
An sha rubutu a kan karkatar nan.
Wani farfesa ya ce a nan ta yaye kanta daga malamanta,
a nan ta zama ita.
Fiorella ta karanta mini, ta maka jaridar da ƙasa.
Ni dai na tambaya ko sun ɗauki hoton bayansa,
don can na fi shan wuya.

Duk ƙarshen shekara kati kan zo,
dutsen cikin dusar ƙanƙara,
a baya kalma biyu rak: Taƙi ɗaya.
Talatin da ɗaya na tara a gwangwanin biskit.
Bara bai zo ba.

Yanzu inji ke yi, mai hannu guda, ba ya tari.
A ba shi hoto da yamma, a wayi gari a tarar da kafaɗa.
Yaran na da kirki, suna ce mini maestro,
su ajiye mini kujera nesa da ƙura.

Akwai guntun da ya rage daga dutsen nan,
shekara da shekaru yana tokare ƙofar rumfa.
Na turo shi gida a baro, na ce wannan karon nawa ne.
Na sa kurfi, hannu ya lanƙwasa irin nata.
Na juya, ya fitar da kaifi irin na mutumin Osaka.
Mako uku ina korar baƙi daga wuyan hannuna,
in kori wannan ta ƙofa, wancan ya shigo ta taga.

Sai Nerina ta leƙo daga kicin
ta ce turminta ya fashe tun Ista,
sau nawa za ta faɗa?

Kwana biyar na gama.
Ta ɗaga, ta leƙa gindinsa, ta ce ban sa suna ba.
Na ce wa zai sata?
Ta shafa cikinsa da yatsa,
ta ce ai raminsa ya karkata hagu.
Na ce haka dutsen ya so.
Ta zuba tafarnuwa da gishiri.
Na fita tsakar gida na zauna
ina sauraren dakan.