Albashin Jira

Ƙarfe biyar da rabi, kafin ma'aikatan gada su iso,
na kwance igiya, na saurari inji kamar mai sauraron ƙirjin yaro,
na duba mai, na ƙirga rigunan ceto: takwas.
Kogin Danube na tafiya abinsa,
launin shayin da aka manta a kofi.
Bai gaishe ni ba, ban gaishe shi ba.
Mun san juna, ni da ruwa.

Can sama da kaina maza goma sha ɗaya
na rataye kamar jemagu,
suna kankare tsatsa, suna walda.
Tartsatsi kan zubo, ya mutu kafin ya iso ni.
Aikina in tsaya ta gangare,
inji a kunne, ido a sama,
ba waya, ba jarida, ba gyangyaɗawa.

Neculai mai walda kan leƙo:
"Ilinca! Nawa ake biyan mai gadin agwagi?
Ba ni kujerarki, in ba ki wutata!"
Dariya ta zubo tare da ɓawon fenti.
Na ce, "Ɗaura maɗaurin ƙasan rigarka."
Ya ce yana matse shi inda ba a faɗa,
shi da ya iya iyo tun bai yi famfara ba,
wai shi za a koya wa?

Iya iyo zancen bazara ne.
A Nuwamba ruwan nan ba ya tambayar gwani.
Numfashi yake fara ƙwacewa, sannan yatsu:
ga igiya a gabanka,
hannunka ya ƙi kamawa.

Duk Litinin mukan jefa Vasile,
mutum-mutumin roba cike da yashi,
ni da Anghel mu bi shi, agogo na lissafi.
Sau nawa na ceci Vasile? Bai taɓa godiya ba.
To, bai taɓa ba'a ba kuwa.

Kwana tamanin da uku, ga abin da na tsamo:
hular kwano biyu, bokiti,
wani jan kare mai yankakken kunne,
da kujerar da ambaliya ta sato
daga ƙauyen da ban san sunansa ba.
Sauran duk zama ne, da sanyi a gwiwa.

Ran na tamanin da huɗu, bayan cin rana,
katako ya goce.
Ba ihu.
Tsulum ɗaya, kamar an yar da buhun siminti.
Anghel ya miƙa hannu yana nuni,
mai nuni ba ya sauke hannu, ba ya ƙiftawa.
Na kewaya ta ƙasa, na fuskanci ƙarfin ruwan,
na tsayar da farfela kafin mu matso.
Rigar ta haye masa har kunne,
maɗaurin nan na lilo a bayansa kamar jela,
baki a buɗe, ba murya,
ido ya yi fari, yana ganina bai san kowa ba.
Muka mirgino shi a kwance, yadda muke wa Vasile,
sai dai ya fi Vasile nauyi,
ya kuma fi shi rawa.

Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin.

Cikin bargo, haƙora na kaɗawa,
maganarsa ta fari: "Tabarau na... sabo ne."
Anghel ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza,
ban tambaye shi dariya ce ko kuka ba.
Nawa hannun sai da dare ya fara karkarwa.

Bayan mako guda na tarar da kwalbar zuma
a kan kujerata, ba suna.
Na ɗaga kai. Ga shi can a rataye,
maɗauri a ɗaure tam, yana tafiya a tattale.
Bai leƙo ba.
Na buɗe littafin aiki, na rubuta: ba labari.
Agwagi uku suka zo wucewa.