Ƙyashi

A tsibirin Achill iska ce likitarmu,
ranar da ta kwanta kuwa, mun shiga uku.
Da almuru suke tasowa daga dausayi,
ƙyashi, hayaƙi ba wuta,
ɗayansu bai kai ƙwayar gishiri ba,
amma ga abin da suka mayar min da jaka.

Jakuna biyu Malachy ya bar min da ya tafi,
Bidi da ƙaninta Dinni.
Ciyawa ɗaya, kwatarniya ɗaya, cizo ma ɗaya.
Dinni ya kaɗa kunne, ya ci gaba da kiwo.
Ita Bidi, jininta ne ke yin bori.

Ta soshe geza a jikin katangar dutse,
ta soshe gindin wutsiya a ƙofar gona
har ƙofar ta bar ƙusa.
Gashin da ta bari a kan waya
tsuntsaye sun yi sheƙa da shi.
Fata ta yi kauri, ta tsage, ta yi ruwa.
Ba ta kuka. Jaki ba ya kai ƙara,
sai dai ka ga ya tsaya nesa da abinci.

Likita Fintan ya zo da takalman roba,
ya shafa wuyanta, ya daɗe bai ce komai ba.
Ya ce, Attracta, wannan ba ya warkewa,
lallaɓa shi ake yi, kamar tsohon maƙwabci.
Yawun ƙwaron ne jikinta ya ƙi.
Allura tana nan, amma ina jin tsoron kofatonta.
Ki riga su, in ji shi. Maganin ke nan.

To, na riga su.
Na kwashe jujin kashi daga bayan ɗaki,
baro goma sha ɗaya, bayana ya ƙirga.
Na toshe taga da raga mai ƙananan ido,
na rataya fankar da ƴata ta aiko daga Leeds.
Kafin ƙararrawar coci ta shida tana ciki,
ba ta fita sai raɓa ta bushe.
Da rana na ja ta tudu, can bakin teku,
inda iska ke ƙwace wa mutum hula.
Na wanke gyambo da ruwan ɗumi,
na shafa mai da yatsun da sanyi ya lanƙwasa.

Sannan riga.
Daga kunne har wutsiya, har ƙarƙashin ciki.
Ta shago ta yage a mako uku,
na yi mata faci da labulen ɗakin Malachy,
mai furanni shuɗi.
Yaran Gallagher suka hau katanga suna dariya:
ga jaka za ta biki!
Dinni ma ya shinshina, ya ja da baya.

Wani dare na leƙa da fitila.
Tana tsaye, fanka na kaɗa mata furanni,
ta zura ido ta raga tana kallon ƙaninta
yana birgima tsirara a cikin ciyawa.
Na ce, Bidi, kar ki yi ƙyashi,
wanda ke waje ya ishe mu.

Jiya sanyin farko ya sauka, dausayi ya yi shiru.
Na kwance igiyoyi, na tuɓe ta.
A kan wuyanta, inda dā nama ne ja,
gashi ya tsiro, gajere, mai taushi,
bai kai rabin farcena ba.
Na wanke rigar, na ninke, ban kai ta nesa ba.
Afrilu ya san hanyar gidan nan.