Tsakanin Biyu da Uku

Kwana goma sha tara kafin Sallah
ban rabu da injin surfani ba
sai don alwala.
Shaddoji sun taru har bakin ƙofa,
kowa a Fagge na son tasa ran jajibere.
Ƙafar dama na taka,
ta hagu na zaman banza a ƙarƙashin tebur.

Ita ce ta fara ƙorafi.
Sha-raɓa ya kumbura, ya ɗau zafi
kamar gurasar da aka ciro daga tanderu.
Na ce gajiya ce.
Hansatu ta shafa man zafi, ta daddanna,
na yi mata godiya.

Ran Laraba, ina sunkuyo in ɗauki almakashi,
numfashi ya harɗe mini
kamar zare a cikin ƙoshiya.
Wani abu ya soke ni a haƙarƙari.
Na yi tari a ƙyallen farar shadda,
na ga ja,
launin da mai rigar bai zaɓa ba.

A Asibitin Malam, likita sa'ar ɗana
ta zana mini hanyar da biro:
gudan jini ya taso daga ƙafa,
ya bi jijiya, ya ratsa zuciya ba sallama,
ya sauka a huhu ya tare ƙofa.
Na ce, duk wannan tafiya
ni kuwa ina zaune?
Ta ce, zaman ne ya biya masa kuɗin mota.

Allura a fatar ciki, safe da yamma.
Sai ƙwaya ɗaya bayan Magariba, wafarin.
Maƙwabcina ya ce ɗan'uwan maganin ɓera ne.
Na ce to, ɓeran na ciki.

Shekara talatin ina auna mutane,
wuya, kafaɗa, tsawon hannu,
yau ni ake aunawa.
Nafi'u na ɗakin gwaji ya ɗaura roba,
ya lallashi jijiya ta fito,
ya rubuta lamba a ɗan littafi.
Ƙasa da biyu, jini zai sake taro.
Sama da uku, zai nemi hanyar fita.
Tsakaninsu nake haya,
ɗaki ɗaya, ba tsakar gida.

Surukata ta aiko da zogale, buhu guda.
Kwana shida ina cin kwaɗo da ƙuli.
Lamba ta faɗo ɗaya da ɗigo huɗu.
Likita ta ce ba haramta ganye na yi ba,
ka ci yau yadda ka ci jiya,
jini ba ya son ba-zata.

Wata na uku mura ta kama ni,
na saya a kemis ban tambaya ba.
Asuwaki ya fito ja.
Haɓo ya zo ana tahiya,
na fita daga sahu riƙe da hanci.
Huɗu da ɗigo takwas.
Nafi'u bai yi wasan da ya saba ba ranar.

Mati wanzami ya ajiye ƙahonsa a kaina.
In zai yi mini aski yanzu
har numfashi yake riƙewa.
Ni ma in allura ta kuskure ta same ni
sai in danne yatsa,
in ƙirga, in ƙirga,
ɗigon da dā lasa ɗaya ke kashewa.

Kowace awa nakan miƙe,
in taka zuwa bakin titi in dawo.
Yaran shago sun ce Oga na zagayen gadi.
Su ma na fara korarsu daga kujera.

Wata shida, in ji likita, sannan mu gani.
Yau na dawo daga layi da auduga a gwiwar hannu,
na buɗe littafin awon mutane.
Ƙarƙashin wani Alhaji, wuya sha bakwai,
na rubuta:
Tasi'u, biyu da ɗigo shida.
Ya yi daidai. Kada a rage, kada a ƙara.