Kwalbar Hasashe

A Churubusco, bayan katangar ma'aikatar fim,
ina da shagon abinci mai tebur shida.
Duk shekara, daren raba kyaututtuka,
nakan ɗora tsohuwar kwalbar zuma a kan kanta:
peso hamsin, sunanka,
da sunan wadda kake ganin za ta ɗauka.

Casilda ce ta fara jefa tata takardar.
Shekara talatin tana shafa wa taurari hoda,
takan ga tsufan fuska tun madubi bai sani ba.
Ta ce, "Leocadia za ta ɗauka.
Ba don ta fi kowa ba.
Sau huɗu ana kiran sunanta, sau huɗu tana tafa wa wata.
Alƙalan nan ba hukunci za su yi ba, bashi za su biya,
bashi kuwa hanji ne."

Anselmo direban tasi ya doki tebur har miya ta fantsama.
"To yarinyar nan ta Oaxaca fa?
Ban san da ita a duniya ba sai bana.
Amma inda take tsaye cikin ruwan sama
tana jiran motar da ba za ta zo ba,
minti uku ba ta ce uffan ba,
ni da na binne uwata idona ƙamas,
sai ga ni ina share hanci da tikiti."

"Kai kana faɗin wadda ta cancanta," in ji Casilda,
"ni ina faɗin wadda za ta ci.
Hanya biyu ce, ba su cika gaisawa ba."

Can lungu tsoho Nicanor ya ajiye cokali.
"Ruwan nan da ya sa ka kuka, nawa ne.
Dare goma sha ɗaya ina bisa tsani, mesa a kafaɗa,
ina danne bakinta da babban yatsa
don ɗigon ya sauko kamar daga hadari.
In ya yi yawa, fuskarta ta ɓace.
In ya yi kaɗan, a gane hawayen ba su zo ba,
don a dare na tara ba su zo ba.
Sanyin yana nan a gwiwata.
Sunana kuwa yakan fito can ƙarshe,
an kunna fitilu, masu shara sun shigo."

Ba wanda ya tanka.
Na ƙara masa kofi, ban rubuta a littafi ba.

Ƙarfe goma muka ɗaga kai ga talabijin ɗina mai rawar hoto.
Aka yage ambulan.
Ba Leocadia ba.
Ba 'yar Oaxaca ba.
Wata ce daban, daga fim ɗin da Anselmo ya yi minshari a ciki,
ta hau tana tuntuɓe da bakin riga,
ta gode wa uwarta, da lauyanta, da karenta.
Kyamara ta lalubo Leocadia tana tafi karo na biyar,
murmushin nan ko gezau.
Casilda ta leƙa, ta ce, "Hodar dai ta riƙe."

"Sayarwa aka yi!" in ji Anselmo,
sai aka koma musu sabo fil,
kamar ba a riga an rufe kasuwa ba.

Na zazzage kwalba.
Takarda goma sha bakwai, ɗaya tak ta dace:
Fulgencio, yaron wanke-wanke,
wanda bai kalli ko ɗaya ba.
Muka ce ta yaya?
Ya goge hannu a riga: "Sunan kakata gare ta."
Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya cusa a safa.

Muna jan ƙofa sai sama ta ɓalle,
ruwa na gaske, a kan kwano, a kan tasin Anselmo.
Nicanor ya tsaya bakin rumfa, ya miƙa tafin hannu,
ya daɗe yana duban yadda yake ratsa fitilar titi.
Sai ya girgiza kai.
"Ya yi yawa," ya ce.
"Ba za a ga fuska ba."