Kafin a Ɗora Tubali

Ranar farko, a wani bene a Kongo,
fanka na juyi kamar an yi mata dole,
na zo da zumuɗi, yatsuna na ƙaiƙayi.
Malama Zulai ta rufe mini kwamfutar,
ta turo fensir da fallen takarda,
ta ce, "Wa kake gina wa?"

Na ce, "Kowa."
Ta yi dariya har da dafe tebur.
"Gidan kowa kango ne, Haladu.
Je ka nemo mutum ɗaya."

Sai na tuna Kawu Barau na Kwarbai,
shekara talatin a kan buzu ɗaya
yana fidda aska takwas a ƙirjin riga,
dillalai na shan romo, shi yana gwaguyar ƙashi.
Na rubuta sunansa a saman takardar.

Babana magini ne, Allah ya ji ƙansa.
Ban taɓa ganinsa da takarda ba.
Da diddige yake jan layi a fili:
nan zaure, nan shigifa, can rijiya,
ya zaga, ya shiga ɗakin da babu shi,
ya sunkuya a ƙofar da ba a kafa ba,
mu yara muna ƙunshe dariya.
Yau ga ni a kujerar roba
ina zana akwatuna, ina shiga ina fita.

"Shafin farko zaure ne," in ji Malama.
"Baƙo na sallama ya san gidan wa ya zo.
Kar ya wuce ƙofa uku bai sha ruwa ba."

Na ji, amma kunne daban, hannu daban.
Da aka sakar mini mara na hau allo
na zuba launi bakwai,
rubutu na tsalle kamar ɗan akuya,
hotuna arba'in, kowanne da nauyin turmi.
Na ɗauki Keke daga Tudun Wada
ina jin kaina gwani.

Wayar Kawu fuskarta a tsage take,
sabis a lungunsu sai an ɗaga hannu sama.
Muka zauna. Da'ira na juyawa.
Aka kira la'asar, muka je muka dawo,
tana nan tana juyawa.
Datar ɗari biyu ta tafi a banza.
Kawu ya gyara tabarau ya ce,
"Ni dai fari nake gani."

Bai yi faɗa ba. Ya jawo wata riga
ya shimfiɗa ta a gwiwata.
"Ka ga nan, inda allura ba ta taɓa ba?
Shi ke barin askar ta yi magana.
In na cike ko'ina, ai tabarma na saƙa."

Daren nan, da fitilar waya, na yi ta sharewa.
Launi biyu: shuɗin baba da farin alawayyo.
Hoto shida, na rage musu ƙiba.
Harufa manya, don masu ido irin nasa.
Maɓalli ɗaya, daidai inda babban yatsa ke sauka.

Malama ta duba, ba ta ce komai ba,
ta dai bar kwamfutar a buɗe.

Kwana tara shiru, ko ƙuda bai gifta ba.
Na goma, Kawu ya aiko jikansa da gudu:
wani daga Maraɗi ya shigo zauren,
ya ga shuɗiyar, yana so,
ya nemi farashi sama da ƙasa bai gani ba.

Na gina gida, na manta randa.

Ga ni na dawo Kongo da sassafe,
ba a ma buɗe benen ba.
Ina zaune a matakala, takarda a cinya,
ina feƙe fensir.