Riga Mai Lamba Sha Ɗaya

Ni ke wanke rigunan ƙungiyar ƙauyenmu.
Goma sha biyar nake shanyawa
tsakanin bishiyar kwakwa da bangon coci,
sha huɗu ake zuwa a karɓa.
Mai lamba sha ɗaya ni ke ninke ta,
in kai ta gefen hagu na fili,
in danne ta da dutse saboda iskar teku.

Ta Sakiusa ce, ƙanena.
Shekara talatin da ɗoriya ke nan
da jirgi ya kwashe su daga Fiji zuwa Labanan
rabon faɗan da ba su san mafarinsa ba.
Ya tafi da shuɗiyar hula da dariyarsa mai wushirya.
Hular aka dawo mana da ita.

Yau ce Asabar ɗin tunawa.
An buga gangar itace tun hantsi,
an sake kafa turakun gora da guguwa ta kayar,
an kori aladun Taniela daga fili.
'Yan mazan jiya sun jeru a benci,
lambobin yabo na kacau-kacau a ƙirji kamar makullai.
Ilisoni ba ya jin usur, a can ya baro kunnensa.
Apakuki kuwa yana jin har abin da bai yi ƙara ba;
in ƙofa ta bugu da dare, matarsa ce ta sani.
Peniasi ya jingine sandarsa,
ƙafar wandonsa guda a naɗe da fil.

Aka ce a yi shiru na minti ɗaya.
Teku ba ta yi ba.

Sai aka saki ƙwallo.
Zari-ruga ba ta mai ƙyamar ƙasa ba ce:
kafaɗa cikin haƙarƙari,
ƙarti na turin ƙarti kamar masu fid da kwalekwale daga yashi,
laka ta shafe lambar kowa
har uwa ba ta gane nata sai a salon gudu.
Mutanen tsallaken ruwa sun zo da shirinsu,
suna gabanmu da maki huɗu.

Dab da tashi, ɗan Mereoni, sabon shiga,
ya ga an tare shi ta ko'ina,
ya wurga hagu bai duba ba,
yadda aka koya masa: akwai naka a can.
Babu kowa a can.
Ƙwallon ya faɗi, ya yi tsallen nan nasa marar alƙibla,
ya mirgina, ya kwanta jikin rigar.

Alƙali ya kai usur baki, bai hura ba.
Mutum ashirin da tara na haki, ba mai motsi.

Peniasi ne ya miƙe.
Sanda, ƙafa, sanda, ƙafa,
ya ƙetare layin toka,
ya sunkuya da ƙyar, ya naɗe ƙwallon cikin rigar,
ya maƙale a hammata.
Taku ashirin ne zuwa layin ci,
amma da an so, da an fasa kwakwa uku an kankare kafin ya kai.
Baƙin suka dāre, suka ba shi hanya,
ƙaton cikinsu ya tallabe masa gwiwar hannu.
Da ya dire, bai ɗaga kai ba.
Ya ce, ba da ƙarfi ba, ni dai na ji:
"Na kawo ka, Saki. Wancan karon ban iya ba."

Ban san wa ya ci ba,
mai rubuta maki ma ya yar da allinsa.
An tone ramin gashi, ga gwaza ga kifi,
tsofaffi sun kewaye akushin yangona suna tafi,
Ilisoni na ba da labari da ihu.

Ni na ɗauko rigar.
Shekara talatin ina wanke ta ba datti.
Yau ga laka, ga tsamin gumi.
Na tsaya bakin rafi da sabulu a hannu
har duhu ya rufa,
ban tsoma ta ba.