Bayan Ambulan

A Salford, layin da gidajen jan bulo suka haɗa kafaɗa,
Madam Ormerod ta hau da ni banɗakinta na sama.
Na ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa,
ya amsa min lafiya lau.
Ta ce, "Nawa?"
Na laluba aljihu, ba takarda
sai ambulan ɗin kuɗin wuta.
A bayansa na rubuta fam dubu huɗu da ɗari biyu,
na ja layi biyu a ƙasa, na sa hannu,
don ta san ba ɗan damfara ta kira ba.

Ni a raina ƙiyasi na yi,
irin na manomi in ya dubi hadari.

Ran Talata muka ɓamɓare tayil.
Katakon ƙasa ya ruɓe kamar kabewar bara,
bututu na zuba a ɓoye
tun kafin a haifi Haladu,
yaron da ke miƙo min guduma.
Na sayi sabon katako, na kira mai famfo,
ban koma na ce mata komai a rubuce ba.
A kan matakala na faɗa mata,
ta ce "to", tana neman makullin mota.
Na ɗauki "to" ɗin nan na zuba a asusu.

Da aiki ya ƙare na kai mata dubu bakwai.
Ta buɗe durowa, ta zaro ambulan.

Alƙalin ƙaramar kotu bai ɗaga murya ba.
Ya riƙe shi da yatsu biyu:
"Malam Sallau, wannan hannunka ne?"
Na ce nawa ne.
"Ina ka rubuta kimanin?
Ina ka ce abin da bango ya ɓoye daban yake?"
Na duba har gefen da aka manne da yawu.

A Kantin Kwari mahaifina kan ce "na sallama",
ko da faɗuwa zai yi, ba ya janyewa.
Ashe ni ma na sallama, ban sani ba.

Yanzu takarduna shafi uku ne,
Haladu na dariyar yawan sharaɗi.
Wani lokaci da magariba nakan bi ta layin.
Fitilar banɗakin a kunne,
tururi ya rufe taga.
Ko ɗigo ɗaya ba ya zuba.